Marubutan Amurka da suka tambaya: dukiya ko ƴancin zuciya?

Tsakanin 1830 da 1865, lokacin da masana'antu da layin dogo ke bunƙasa a Amurka, wasu marubuta sun tsaya suna tambaya: shin mutum ke mallakar dukiya, ko dukiya ke mallakar mutum? Tafarkin nasu ake kira romantisim. Ba labarin soyayya ba ne, fifita zuciya da lamiri ne bisa lissafin riba.

Ginshiƙi na farko shi ne daji. A littafinsa Nature na 1836, Emerson ya nuna cewa itatuwa da taurari makaranta ce ga mai lura. Almajirinsa Thoreau ya gwada maganar a aikace. Ranar 4 ga Yuli 1845 ya tare a bakin tafkin Walden, cikin ɗakin katako da ya gina da hannunsa a kan dala 28 da ƴan kai. Ya yi shekara biyu da wata biyu yana noman wake, domin ya auna abin da ɗan Adam ke bukata da gaske.

Na biyu shi ne lamiri. A 1846 Thoreau ya kwana ɗaya gidan kaso don ya ƙi biyan lampo ga gwamnatin da ta yarda da bauta, take kuma yaƙi da Meksiko. Maƙalar da ya wallafa kan haka a 1849 ta yi tasiri ga Gandhi da Martin Luther King.

Na uku shi ne duhun zuciya, kuma wasu ma'aikatan duwan biyu ne suka fi tona shi. An sallami Hawthorne daga duwan na Salem a 1849 bayan canjin gwamnati. Shekara guda bayan haka ya fitar da The Scarlet Letter, labarin macen da gari ya tozarta kan zina, alhali malamin coci da suka yi laifin tare yana ɓoye cikin girmansa. Melville kuwa, a Moby-Dick na 1851, ya kawo shugaban jirgin ruwa da ya hallaka kansa da jama'arsa wajen neman fansa kan wata ƙatuwar dabbar teku da ta cire masa ƙafa.

Littafin bai yi kasuwa ba. Melville ya koma aikin duwan a Niyok, ya shekara 19, ya rasu a 1891 an kusa mance shi. Sai wajen 1920 duniya ta gane darajarsa.