Rundawa a ƙasar Gobir: a ci namansu, a hana su aure

Tun zamanin da Alƙalawa ke babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808, jama'ar wannan yanki hawa-hawa suke: sarauta a sama, malamai da fatake na biye, sai manoma, can ƙasa kuma mahauta da maroƙa da majema. Sana'a gado ce. Ɗan mahauci da wuƙa yake tashi, ko yana so ko ba ya so, kuma har gobe dattawan Unguwar Lalle da Isa da Sabon Birni sun san gidajen fawa na asali.

Ba wanda ya kori Rundawa, wato mahauta, daga gari. Ba a yi musu irin na Japan, inda masu yanka da jima suka zauna a keɓe har sai da doka ta soke matsayin a 1871. A nan masallaci ɗaya ake shiga, sahu ɗaya ake bi. Wajen aure ne ake ja musu layi. Da dangin yarinya sun binciki asalin manemi suka ji gidan fawa ne, sai a ce an riga an yi mata miji. Hujjar ita ce jini da ƙarni, alhali mai wannan hujja tsiren mahaucin ne a hannunsa. Haka Rundawa suka yi ta auren junansu.

Fada ma ba ta raga musu ba. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa tawasa, naman da ake karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, cikin zaluncin sarakunan Hausa.

Amma suna da tasu daular. Sarkin Fawa ke duba dabba kafin a yanka, shi ke raba rigimar mahauta, shi ke magana da fada a madadinsu. Kalangu kiɗansu ne. Hawan ƙaho nasu ne: saurayi ya tari bijimi gaba da gaba, ya rungume ƙahonsa ana yi masa kirari. Dambe kuwa, wanda yau ake biyan kuɗi a kalla a birane, wasansu ne na kaka, lokacin da suke bin ƙauyuka suna yanka wa manoma shanu bayan amfani ya shiga rumbu. A wannan fage ɗan sarki ma ɗan kallo ne.