Aikin Injiniya Mai Kula da Gine-ginen Jami'a: Misali daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Zariya, kafin ya shiga gari sai ya wuce waɗansu manyan gine-gine a wuri biyu. Da farko zai tarar da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, in ya ƙara gaba kaɗan kuma ya iske ita kanta jami'ar a Samaru. An buɗe jami'ar ran 4 ga Oktoba, 1962. Asibitin Shika kuwa tun a shekarun 1970 aka soma gininsa, amma ba a tare a cikinsa ba sai a 2005. Mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba baƙin waɗannan wurare ba ne, domin 'ya'yansu sun yi karatu a Samaru, asibitin Malumfashi ma a da yana cikin asibitocin da jami'ar ke koyar da likitoci. Bugu da ƙari, ƙasar da aka kafa gine-ginen a kanta, da ruwan saman da ke dukansu, kusan iri ɗaya ne da na wannan yanki.

Makasudin wannan lacca shi ne duba aikin wani ma'aikaci wanda ba a cika ambatonsa ran bikin buɗe gini ba, watau injiniya mai kula da aiki. Za a nuna cewa nauyin da ke kansa ya taru ne a kan sha'anin lokaci. Akwai lokacin manomi, da lokacin siminti, da lokacin baitulmali, da lokacin jami'a. Kowanne da inda yake ja, shi kuwa injiniya shi ne a tsakiya.

Matsayin injiniya mai kula da aiki

Babban gini yakan haɗa ɓangarori uku. Akwai mai gini, watau jami'a, wadda Sashen Tsare-tsare da Ayyuka ke wakilta. Akwai masu ba da shawara, waɗanda suka ƙunshi mai zanen gini, da injiniyan da ya lissafta ƙarfin ginshiƙai da harsashi, da injiniyoyin lantarki da ruwa, da mai ƙididdigar kayan gini. Na uku shi ne ɗan kwangila da ma'aikatansa: birkiloli, da kafintoci, da masu ɗaurin rodi, da leburori. Injiniya mai kula da aiki shi ne wanda ke filin gini kullum domin ya tabbatar abin da aka zana a takarda shi ne ya sauka a ƙasa. Shi ke riƙe da littafin aikin yau da kullum, shi ke kiran taron ƙarshen wata, shi ke duba abin da aka kammala kafin a rubuta takardar biyan kuɗi.

Wannan matsayi ba sabo ba ne ga Bahaushe. Sarkin Magina shi ma yana duba kwaɓin ƙasa da bushewar tubali, yana kuma hana a ɗora sabon sahu bisa wanda bai sha iska ba. Bambancin shi ne injiniyan zamani doka ce ta ɗaure shi. Tun 1970 aka kafa hukumar rajistar injiniyoyi ta Nijeriya, wadda ake kira COREN, kuma wanda ba ta yi wa rajista ba, ba shi da ikon kiran kansa injiniya. In gini ya faɗi, sa-hannunsa za a fara nema.

Ƙasa da ruwa

Kafin a haƙa harsashi, wajibi ne a san ƙasar da za ta ɗauki ginin. A kudancin Jihar Katsina ana samun jar ƙasa da marmara a kan tudu, da dutse a ƙarƙashinsu, irin wannan kuwa tana ɗaukar nauyi sosai. Amma da an gangara fadama sai a iske laka, wadda ke kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Ginin da aka ɗora bisa irin wannan laka ba tare da gwaji ba, bangonsa yakan dare bayan 'yan shekaru. Saboda haka injiniya kan sa a haƙa ramukan gwaji, a kai samfurin ƙasa ɗakin bincike, sa'an nan a yanke zurfi da faɗin harsashi. Akwai kuma gara, abokiyar gābar katako, wadda tilas a yi wa magani tun ana cike ƙasa a ƙarƙashin daɓe.

Ruwa ma haka. Jami'a gari ce sukutum, ga ɗakunan kwanan ɗalibai, ga ɗakunan gwaje-gwaje, ga gidajen ma'aikata. Wannan ne ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta yi madatsar ruwa tata a kan rafin Kubanni. Injiniyan da ya san aikinsa yakan fara tambayar inda ruwa zai fito, da inda lambatu da kwalbati za su kai ruwan sama, tun kafin a sauke bulo ko ɗaya.

Lokacin manomi

A wannan yanki damina kan sauka wajen watan Mayu, ta ɗauke wajen Oktoba, ruwan da ake samu a shekara kuwa yana kusa da milimita 1,000. A watan Agusta ramin harsashi kan cika da ruwa cikin dare ɗaya, gefensa ya zabtare, tifa mai ɗauke da tsakuwa kuma ta kafe a hanyar burji. Don haka mai hankali kan shirya haƙa da zuba harsashi da rani, ya yi ƙoƙarin rufe gini kafin ruwa ya zauna, domin a ci gaba da filasta da saka wayar lantarki a ciki ko ana tsuga ruwa a waje.

Sai dai ruwan sama rabin matsalar ne kawai. Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga da waken suya, kuma yawancin leburorin gini manoma ne da suka fito cin rani. Da ruwan shuka ya sauka, sai a wayi gari filin gini ya yi tsit, kowa ya koma gonarsa. Haka kuma lokacin noman farko da na girbi. Ba a ganin laifinsu, domin ladan lebura ba ya cika rumbu. Injiniyan da ya tsara aikinsa a ofis bai sa wannan cikin lissafi ba, jadawalinsa ya rushe tun kafin a fara. Daɗin daɗawa, akwai watan azumi, wanda a cikinsa akan mayar da aiki mai nauyi zuwa sanyin safiya.

Lokacin siminti

Kankare haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. Mutane da yawa na zaton bushewa ce ke sa shi ƙarfi, alhali kuwa ruwa ne ke haɗuwa da siminti a hankali har ya daskare ya zama kamar dutse. In ruwan ya gudu da wuri, ƙarfin ya tsaya a nan. Shi ya sa ake shayar da sabon kankare aƙalla kwana 7, ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko yashi. A ƙasar nan haɗarin ya fi yawa da hunturu, sa'ad da busasshiyar iska ke zuƙe damshi, da kuma bazara, sa'ad da rana ke ƙuna. A ɗaya gefen, in aka cika ruwa wajen kwaɓi domin a sami sauƙin zubawa, kankaren kan fito da rauni. Wannan gardama ce ta kullum tsakanin injiniya da masu kwaɓi.

Hanyar tabbatarwa ita ce gwaji. Duk ran da aka zuba kankare akan ɗebi samfuri a cika waɗansu ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 150, a ajiye su cikin ruwa, a murƙushe waɗansu da na'ura bayan kwana 7, sauran kuma bayan kwana 28. A kwana 7 kankare kan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ne ake yanke masa hukunci. Babu umurnin wani babba da zai rage waɗannan kwanaki.

Akwai wani abu kuma: mafi yawan abin da ke riƙe da gini ɓoye yake. Kaurin rodi, da yawansa, da tazarar da ke tsakaninsa, duk kankare ke binne su. Saboda haka ƙa'ida ce ba a zuba kankare sai injiniya ya hau ya ƙidaya ya auna ya sa hannu. Abin da ya wuce shi a wannan rana ya wuce ke nan. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Lokacin baitulmali

Tarihin gine-ginen jami'o'in Nijeriya yana bin tashi da faɗuwar kuɗin gwamnati. Bayan tashin farashin man fetur na 1973 da 1974, gwamnati ta shiga gine-gine ba ji ba gani, har a 1975 ta ƙaddamar da sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda 7, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri. A wannan shekara ce aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a tashar Legas, siminti mai yawa ya daskare tun bai sauka ba. A 1976 aka buɗe Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma karya darajar naira a 1986, sai gine-gine da dama a faɗin ƙasar suka tsaya cik. Ginin da aka bari yana ci gaba da cin kuɗi: rodi ya yi tsatsa, ruwa ya shiga, farashin kaya ya ninka.

Daga baya aka nemi mafita. Dokar harajin ilimi ta 1993 ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu, a 2011 kuma aka mayar da asusun ya zama TETFund, domin makarantun gaba da sakandare. Da irin wannan kuɗi aka yi gine-gine da yawa a sababbin jami'o'i, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ta 2011. Akan saki kuɗin kashi-kashi, ba a ba da na gaba sai an ga inda na baya ya shiga. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ita ma ta ƙayyade yadda ake tallan kwangila da abin da za a bayar na kafin alƙalami. A ƙarshen aiki kuma akan riƙe wani abu, galibi kashi 5 cikin 100, har wata 6, domin gyaran duk aibin da ya bayyana.

A nan ne amanar injiniya ke fuskantar gwaji mafi tsanani. In ya sa hannu a kan aikin da ba a yi ba, ya ci amanar jama'a. In kuma ya yi jinkirin sa hannu a kan wanda aka yi, ɗan kwangila ya rasa kuɗin biyan leburori, aiki ya tsaya, damina ta riske shi.

Lokacin jami'a

Jami'a tana da nata jadawali. An riga an ɗebi ɗalibai, ana bukatar ɗakin lacca. Tawagar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa tana tafe domin tantance kwasa-kwasai, tana son ganin ɗakin gwaje-gwaje. Bikin yaye ɗalibai ya gabato, ana son babban baƙo ya yanke ƙyalle. Duk waɗannan bukatu ne na gaskiya, amma su ne ke haifar da matsin lamba a cire katakon da ke tokare da rufin bene kafin kwanakinsa su cika, ko a shafa fenti bisa ɗanyen filasta. Har ila yau, sau da yawa ana ginin ne ɗalibai na kai da kawowa a gefe, saboda haka tilas a killace wurin, a tsara shigar manyan motoci, a rage ƙara lokacin jarrabawa.

Kammalawa

Daga cikin lokutan nan huɗu, uku suna karɓar sulhu. Ana iya tsara aiki ya dace da damina, ana iya bin sawun kuɗi a baitulmali, ana iya ɗage ranar biki. Na siminti ne kaɗai ba ya jin lallashi. Don haka babban aikin injiniya shi ne ya shawo kan sauran ukun tun da wuri, domin kada a ci haƙƙin na huɗun. Wannan yana bukatar ilimin lissafi, da sanin ƙasar da mutanenta, da ƙarfin halin ce wa na gaba da shi a dakata. Hakki ne kuma a kan shugabannin jami'a su saurare shi in ya faɗi haka. Ɗakin laccar da zai ɗauki ɗalibai 500 yau, jikokinsu ma za su zauna a ƙarƙashin rufinsa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da zai iya ganin rodin da ke cikin ginshiƙansa.