Irina Rodnina: Kiɗa Ya Tsaya, Ita Ba Ta Tsaya Ba

A cikin shekarar 1973, a birnin Bratislava na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani, ana tsakiyar gasar duniya ta wasan zamiya a kan ƙanƙara, sai kiɗa ya ɗauke ɗif. Mutum biyu ne a fili, wata 'yar Rasha mai suna Irina Rodnina da abokin wasanta Alexander Zaitsev. Maimakon su tsaya, sai mai koyar da su ya yi musu nuni su ci gaba. Haka suka ƙarasa wasan ba kiɗa, 'yan kallo na yi musu tafi, suka kuwa tashi da lambar zinariya.

Kafin a gane girman wannan al'amari, ya kamata a san yadda wasan yake. Ana yin sa ne a kan fili na daskararren ruwa mai santsi, 'yan wasa suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa. A sashen 'yan biyu-biyu, namiji da mace ne ke shiga tare, su yi gudu, su yi tsalle, su yi juyi a lokaci guda, wani sa'in namijin ya ɗaga macen sama da kansa alhali yana cikin zamiya. Kiɗa shi ne ke gaya wa kowannensu lokacin tashi da lokacin sauka. Idan ya ɗauke, babu abin da ya rage musu sai horon da ya zauna a jiki.

An haifi Rodnina a birnin Mosko ran 12 ga watan Satumba, 1949. Tana ƙarama ba ta da ƙoshin lafiya, don kuwa ciwon huhu ya yi ta kama ta a kai a kai. Saboda haka ne iyayenta suka kai ta filin zamiya tun tana 'yar shekara biyar, da niyyar jikinta ya yi ƙwari. Ashe magani aka je nema aka samo sana'a. Daga bisani ta shiga ƙungiyar wasanni ta rundunar sojan Tarayyar Sobiyat, inda ta faɗa hannun Stanislav Zhuk, malamin da ya yi suna wajen tsananin horo.

Zhuk ya haɗa ta da Alexei Ulanov. A 1969 suka kayar da Ludmila Belousova da Oleg Protopopov, watau zakarun Wasannin Olamfik na 1964 da 1968, waɗanda aka san su da wasa mai taushi da natsuwa. Rodnina kuwa sauri da ƙarfi ta zo da su. Ita da Ulanov suka ci gasar duniya sau huɗu a jere, suka kuma sami zinariyar Olamfik a Sapporo ta ƙasar Japan a 1972.

Amma fa a lokacin zumuncinsu ya riga ya tsage. Ulanov ya kamu da son Ludmila Smirnova, wadda ke cikin abokan hamayyarsu, ya ƙudura zai koma wasa da ita. Bugu da ƙari, ana gab da gasar duniya ta wannan shekara a Kanada, Rodnina ta faɗo daga hannunsa wajen gwaji, kanta ya bugu, har aka kwantar da ita asibiti. Duk da haka ta fito ta yi wasan, suka ci, sa'an nan suka rabu.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rodnina ta yi tunanin barin wasa, sai Zhuk ya samo mata Zaitsev, wani saurayi daga birnin Leningrad. Ba su cika shekara ɗaya tare ba aka yi abin da aka yi a Bratislava. Waɗanda suka zo na biyu a ranar kuwa su ne Ulanov da Smirnova.

A 1974 ita da Zaitsev suka koma wajen wata malama, Tatiana Tarasova, a 1975 suka yi aure, a 1976 suka ci zinariyar Olamfik a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. Ta huta shekara guda ta haifi ɗa namiji a watan Fabrairun 1979. Shekara ɗaya bayan haihuwa ta sake cin zinariya a Lake Placid ta Amurka a 1980, tana da shekara 30. Hawayen da ta zubar sa'ad da ake taken ƙasarta ya zama hoton da mutanen Rasha suka fi tunawa da ita. Daga nan ta yi murabus da zinariyar Olamfik 3, gasar duniya 10 a jere, da gasar Turai 11. Kafin ita, Sonja Henie ta ƙasar Norwe ce macen da ta haɗa zinariyar Olamfik 3 da gasar duniya 10.

Bayan ta bar fili ta koma koyarwa. Daga 1990 ta zauna a Amurka fiye da shekara goma, kuma ɗalibanta biyu 'yan ƙasar Cek, Radka Kovarikova da Rene Novotny, suka ci gasar duniya a 1995. Da ta koma gida ta shiga siyasa, aka zaɓe ta a majalisar dokokin Rasha a 2007 a ƙarƙashin jam'iyyar da ke goyon bayan Vladimir Putin. A 2014 ita da Vladislav Tretiak suka kunna wutar buɗe Wasannin Olamfik a Sochi. Siyasar ba ta bar sunanta ba tabo, domin a 2022, saboda yaƙin Yukren, ƙasashen Yamma suka sa ta cikin 'yan majalisar da suka ƙaƙaba wa takunkumi.

Mutane sun rabu a kan siyasarta, amma ba su rabu a kan ranar Bratislava ba. Abin da ya fid da ita a ranar aikin shekara da shekaru ne da ta yi a filin gwaji, inda babu ɗan kallo ko ɗaya.