GWANJON TSOFAFFIN IDANUN KYAMARA: ABIN DA KE SA KUƊINSU HAUHAWA

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san yadda ciniki ya ke tafiya. Mai saye ya duba haƙoran sa, ya taya, mai kaya ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani, a yi ta ja har a kai inda za a sallama. To, akwai wata kasuwa a zamanin nan wadda ba ta da rumfa, mai saye ba ya ganin mai sayarwa, kayan ma hotonsu kaɗai a ke gani. Wannan ita ce kasuwar gwanjo ta intanet, kuma cikin kayan da a ke rububinsu a can har da tsofaffin idanun kyamara. Abin da mu ke nufi da idon kyamara shi ne bututun nan mai jerin gilasai a ciki, wanda a ke ɗaurawa a gaban akwatin ɗaukar hoto, haske ya bi ta cikinsa ya zana sura. Waɗansunsu an ƙera su tun shekara 60 ko 70 da suka wuce. An yi zamanin da ba mai waiwayarsu, yau kuwa mutane suna kokawa a kansu. Ya kamata mu bincika dalilin wannan, domin darasin ya shafi kowane mai albashi da ya ke sa kuɗinsa cikin gwanjo, ko da bai taɓa riƙe kyamara ba.

YADDA TSOHON KAYA YA FARFAƊO

Sa'ad da kyamarori marasa fim suka cika duniya, a farkon shekarun 2000, sai tsofaffin idanu irin waɗanda a ke saitawa da hannu suka yi kwantai. Kowane kamfani yana da irin bakin da ya ke ɗaura idonsa, kuma manyan kyamarori na lokacin suna da madubi a cikinsu, wanda ya sa jikinsu ya yi kauri, ido da yawa ba sa zama daidai a kansu. A 2008 kamfanin Panasonic na Japan ya fitar da kyamarar da ba ta da madubin nan, ga ta siririya. A 2013 kuma Sony ya fitar da tasa mai suna A7, wadda allon da ke karɓar haske a cikinta ya yi daidai da faɗin hoton fim na da. Tun da ya ke jikin ya sirance, sai ya zamana da zoben ƙarfe mai araha mutum ya iya ɗaura kusan kowane tsohon ido, na Jamus ne, ko na Rasha, ko na Japan.

Nan da nan masu nema suka yi yawa, ga shi kuwa masana'antun sun daina ƙera waɗannan idanu tuntuni. In mabukata suka ƙaru, kaya ba su ƙaru ba, tilas kuɗi ya hau. Wannan kashi na tsadar gaskiya ne, ba wanda za a zarga a kansa. Amma ba shi ke nan ba.

AIBI YA ZAMA ADO

A garin Görlitz, can gabashin Jamus bakin iyakar Poland, kamfanin Meyer ya daɗe yana ƙera wani ido mai suna Trioplan. Gilasai uku kaɗai ke cikinsa, bisa tsarin da wani Bature na Ingila, H. Dennis Taylor, ya ƙago a 1893. Ido ne na masu ƙaramin ƙarfi, kuma yana da aibi: in akwai ƙyallin haske a bayan abin da a ke ɗauka, sai ya fito kewaye-kewaye masu hasken baki, kamar kumfar sabulu. Maƙera suna ɗaukar wannan abin gyara ne. Da hotunan kumfar nan suka bazu a intanet, sai mutane suka ce ai ita su ke so, kuɗin idon ya ninka sau da yawa. Har a 2015 wani kamfani a Jamus ya karɓi kuɗin jama'a don ya sake ƙera shi sabo, ko da ya ke kamfanin ya karye a 2018.

Haka kuma labarin Helios 44 na Tarayyar Sobiyet, wanda aka kwaikwayo daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss. An ƙera shi miliyoyi, tun daga ƙarshen shekarun 1950 har cikin shekarun 1990, ana haɗa shi da kyamarar Zenit. Shi kuma aibinsa, bayan hoto ya kan murɗe kamar guguwa. Bayan da aka ji cewa Greig Fraser ya yi aiki da irinsa wajen ɗaukar wasan silima mai suna The Batman, na 2022, sai masu sayarwa suka riƙa ambaton wasan cikin tallarsu, waɗansu har suna rubuta wai idon yana da wuyar samu. Abin da aka ƙera miliyoyi, ina wuyar samunsa?

Lalle akwai idanun da ƙarancinsu gaskiya ne. Noctilux na farko, wanda kamfanin Leitz ya fitar a 1966, bai kai guda 2,000 ba, domin goge gilasansa aiki ne mai wuya ƙwarai. Akwai kuma wani Planar na Zeiss wanda guda 10 tak aka yi: shida suka tafi hukumar binciken sararin sama ta Amurka, uku Stanley Kubrick ya saya ya ɗauki wasansa Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir, ɗaya kamfanin ya ajiye. Saboda haka tambaya ta farko ga mai saye ita ce, guda nawa aka ƙera?

NA'URA CE DILLALI

Mafi shahara cikin kasuwannin nan ita ce eBay, wadda Pierre Omidyar ya kafa a Kalifoniya a 1995. A can mutum ya kan rubuta iyakar abin da zai iya biya, a ɓoye, sa'an nan na'ura ta riƙa taya masa kaɗan kaɗan, gwargwadon abin da zai rinjayi abokin hamayya. Misali, in wani ya rubuta dala 200, wani kuma ya tsaya a 150, na farko zai ci, amma abin da zai biya ɗan kaɗan ne bisa 150. In da na biyun ya kai 195, da kusan duk ɗari biyun sun tafi. Watau wanda ya zo na biyu shi ke yanke wa na farko kuɗi. Tun 1961 masanin tattalin arziki William Vickrey, wanda aka ba lambar girma ta Nobel a 1996, ya bayyana cewa a irin wannan tsari dabarar da ta fi ita ce mutum ya rubuta ainihin darajar kayan a wurinsa, ya tsaya nan.

Amma mutane ba su cika yin haka ba. Gwanjon eBay yana da ƙayyadadden lokacin rufewa, don haka gogaggu su kan yi shiru kwana da kwanaki, sai saura 'yan sakan su jefa tayinsu, waɗansu ma na'ura su ke sawa ta jefa musu. Alvin Roth da Axel Ockenfels sun buga bincike a 2002, inda suka gwada wannan da gwanjon da Amazon ya ke yi a lokacin, wanda ba a rufe shi sai an yi minti goma ba wanda ya ƙara taya. Suka tarar tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne gogagge ba ya so ya nuna hannunsa da wuri, kada sabon shiga ya gani ya bi shi yana ƙari.

ZAZZAƁIN GWANJO

Sabon shiga kuwa ga yadda ya kan faɗa. Ya taya tun ranar farko, ya ga sunansa a sama kwana biyar, zuciyarsa ta gama ɗaukar idon nan nasa ne. Ran na shida wani ya wuce shi, sai ya ji kamar ƙwace aka yi masa, ya ƙara, aka ƙara, ya sake ƙarawa. Daga nan maganar ido ta ƙare, ta koma kada a ce an ka da shi. Young Han Lee da Ulrike Malmendier sun bi sawun gwanjon wani kayan wasa a eBay, suka buga sakamakon a 2011. Cikin kowane gwanjo 100, guda 42 an rufe su a kan kuɗin da ya wuce wanda a ke sayar da kayan kai tsaye, a kasuwar nan, a lokacin nan. Masu wuce iyakar ba su da yawa, amma gwanjo ba ya bukatar su yi yawa. Biyu suka haɗu a kan kaya ɗaya, sun isa.

Akwai kuma wata hasara wadda injiniyoyi uku na wani kamfanin man fetur a Amurka suka bayyana a 1971, game da gwanjon filayen haƙar mai. Suka ce in ba wanda ya san ainihin darajar abu, wanda ya ci gwanjo galibi shi ne wanda ya fi kowa kuskuren zuzuta ta. Tsohon ido ma haka ya ke, domin sayensa ta hoto cinikin biri ne a sama. Fumfuna ta kan tsiro cikin gilashi ta ci fuskarsa, hazo ya kan kwanta a ciki, ƙaron da aka manne gilasai biyu da shi ya kan saki, mai kuma ya kan malala kan 'yan fallayen ƙarfen da ke buɗe ƙofar haske. Wanda ya lura da alamar waɗannan cikin hoton talla ya janye, wanda bai lura ba ya ci gaba da ƙari, ya ci, yana murna.

TAYIN ƘARYA

Abu mafi muni shi ne mai kaya ya buɗe wani suna na dabam, ko ya sa abokinsa, su riƙa taya kayansu don kuɗi ya hau. Malamanmu sun san wannan da sunan najashi, kuma haramun ne a cikin ciniki, dokokin kasuwar ma sun hana shi. A shekarar 2000 waɗansu mutane a Amurka sun yi haka da wani zane na jabu, har tayinsa ya kai dala 135,805, daga baya aka gurfanar da su gaban shari'a. Tsarin iyakar ɓoye ya sauƙaƙa wannan cuta, domin maƙaryacin tayi ya kan yi ta turawa kaɗan kaɗan har ya matso kusa da iyakar mai gaskiya. Alamunsa sanannu ne: mai tayin da ba ya taya kayan kowa sai na mutum ɗaya, ko mai yawan janye tayi, ko kayan da aka ce an sayar, bayan mako guda ga shi ya dawo hannun mai shi na da.

Ɓarnar ba ta tsaya kan gwanjo ɗaya ba. In ido ya tafi da tsada yau, ko don zazzaɓi ko don ƙarya, gobe duk mai irinsa zai sa wannan kuɗi, baƙon kasuwa kuwa ya ga jerin talla iri ɗaya ya zaci farashin ke nan. Alhali abin da mai kaya ya sa dabam, abin da aka biya dabam.

To, mai karatu, an ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma sai in an saye shi a kan kuɗinsa. In za ka shiga gwanjon nan, ka fara duba jerin waɗanda aka riga aka sayar cikin 'yan watannin baya, ka ɗauki matsakaicinsu. Ka roƙi hoton idon an haska tocila ta cikinsa, ka tambaya ko ana karɓar kaya in an sami aibi. Ka lissafa kuɗin aikowa da na kwastan, ka cire su daga abin da ka yi niyya. Abin da ya rage ka rubuta shi a takarda tun hankalinka yana kwance, ka taya shi sau ɗaya. In an wuce ka, ka bar wa mai shi. Idon da aka ƙera dubbai, wani irinsa zai fito mako mai zuwa.