Wa Zai Karanto Mana Ƙasar Sin?

A wajen mutanenmu da dama, abu biyu ne ke kai mutum ƙasar Sin: ko ya je Guangzhou da Yiwu ya saro kaya, ko ya samu tallafi ya karanto likitanci ko injiniyanci. Da zarar matashi ya ce zai yi digiri na biyu ko na uku a kan al'ummar Sin, siyasarta, harshenta da al'adunta, sai a yi masa kallon wanda ya rasa abin yi. "To in ka gama, wa zai ɗauke ka aiki? Ga tafinta, ga waya tana fassara, me ya rage?" Masu faɗin haka iyaye ne da yayye masu son yaron da alheri, kuma tsoron zaman kashe wando da suke yi masa ba ƙarya ba ne. Amma da girmamawa nake cewa lissafin nasu bai cika ba.

Tun 1963 gidan rediyon ƙasar Sin ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing tana yaye ɗaliban Hausa. Sinawa ba su ɗauki koyon harshenmu da halayenmu ɓata lokaci ba. Mu kuwa hulɗarmu da su ta wuce saye da sayarwa tuntuni. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, kamfanin CCECC ne ya gina shi da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin. A Nijar, kamfanin CNPC ke haƙo man Agadem, da shi aka kafa matatar SORAZ ta Damagaram a 2011, shi ya shimfiɗa bututun mai mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Duk waɗannan zama aka yi a tebur aka sa hannu. Mutum nawa ne a ɓangarenmu na teburin suka san yadda ake yanke shawara a ɗaya ɓangaren?

Tafinta zai juya maka magana, amma ba zai gaya maka wa ke da iko a cikin ɗakin ba. A kowane lardi na Sin akwai gwamna, akwai kuma sakataren Jam'iyyar Kwaminis, kuma sakataren ne babba. Haka abin yake a birane, a jami'o'i, har a manyan kamfanonin gwamnati, inda kwamitin jam'iyya ke da baki a manyan shawarwari. Tawagar da ba ta san haka ba sai ta kwashe kwanaki tana lallashin wanda ba shi ne mai cewa a yi ko a bari ba. Kazalika wanda ya karanci shirin raya ƙasa na shekara biyar-biyar, wanda Sin ke fitarwa tun 1953, zai hango inda kuɗinta zai karkata kafin jirgin wakilanta ya sauka. Sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma irin wannan sani a aji da ɗakin karatu ake samunsa.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san cewa in bai tura oda ba kafin bikin sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, sai ya jira makonni, domin masana'antu rufewa suke yi. Dalilin rufewar shi ne abin nazari. Kusan ma'aikata miliyan 300 a Sin 'yan ƙauye ne da suka bar noma suka kama aikin ƙwadago, da yawansu nesa da gida. Tsarin rajistar mazauni da ake kira hukou, wanda aka kafa dokarsa a 1958, ya ɗaure haƙƙin mutum na makaranta da asibiti da garin da aka yi masa rajista. Mace 'yar Sichuan za ta shekara tana ɗinki a Guangdong, 'ya'yanta na ƙauye wajen kakanni, ba ta ganinsu sai lokacin bikin. Wannan tsari na cikin abubuwan da suka sa kayan Sin araha, arahar da ta taru da matsalar wutar lantarki da fasa-ƙwauri ta durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano. Duk mai cewa mu kwaikwayi Sin mu bunƙasa masana'antu, ya kamata ya san abin da talakanta ya biya.

Akwai wata damuwa da ta fi ta aikin yi nauyi, kuma ba zan raina ta ba: wanda gwamnatin Sin ta ɗauki nauyin karatunsa, ba zai dawo ya zama kakakinta ba? Gaskiya ne cewa a jami'o'in can akwai batutuwan da ba a sakin baki a kansu, kamar abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989, da Taiwan, da halin da Musulmin Uyghur ke ciki a Xinjiang. Sai dai rashin karatu bai taɓa kare kowa daga farfaganda ba. Wanda ba ya jin harshen shi ne ke rayuwa a kan abin da Beijing ta zaɓa ta fassara masa, ko abin da kafofin Turai da Amurka suka zaɓa. Mai karanta takardun da kansa yana iya auna duka biyun. Kuma ba a Sin kaɗai ake wannan karatu ba. Ana yinsa a SOAS ta Landan, a Oxford, da Taiwan, baya ga Tsinghua da Jami'ar Peking.

Batun wuyar harshe ma an zuzuta shi. Rubutun yana da wuya, sai mutum ya haddace haruffa kusan 3,000 kafin ya karanta jarida a sake. Amma karin sauti huɗu na Sinancin Mandarin da ke wahalar da Bature ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe, wanda harshensa ma da hawa da saukar murya yake bambance ma'ana. Ɗalibinmu da ya yi allo yana da wata ƙofar ta daban: Musulmin Hui na ƙasar Sin sun daɗe suna rubuta Sinanci da haruffan Larabci, kamar ajaminmu, kuma malamansu irin su Wang Daiyu da Liu Zhi sun bar littattafan Musulunci da Sinanci tun ƙarni na 17 da na 18. Wannan fage ne da namu za su iya yin fice a cikinsa.

Aikin kuwa yana nan a ma'aikatun harkokin waje, ofisoshin kula da bashi, bankuna, kafofin labarai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Ina roƙon jami'o'inmu, daga Bayero da Ahmadu Bello har Abdou Moumouni ta Yamai, su ba wannan fanni muhimmanci su tura malamai su ƙware a kai. Iyaye kuma, in yaro ya zo muku da wannan buri, ku tambaye shi wace jami'a, wane malami, wane batu zai bincika, sannan ku sa masa albarka ya tafi.