Edward: Sunan Waɗanda Aka Ci da Yaƙi da Ya Koma Sunan Sarakuna

A watan Yunin 1239 aka haifa wa Sarkin Ingila, Henry na Uku, ɗa namiji a Westminster. Da aka tashi raɗin suna, sarki ya ce Edward. Wannan baƙon abu ne a fada, domin manyan ƙasar a lokacin Faransanci suke yi a gidajensu, 'ya'yansu kuwa daga William sai Richard, sai Robert, sai Henry. Edward sunan mutanen da kakannin waɗannan manya suka ci da yaƙi ne shekara 173 kafin wannan rana.

Asalin sunan daga tsohon Turanci yake, harshen ƙabilun da ake kira Anglo-Saxon, waɗanda suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak suka zauna a tsibirin Birtaniya. Al'adarsu ce su haɗa kalmomi biyu su yi suna. A nan sun haɗa "ead", wato arziki ko wadata, da "weard", wato mai tsaro. Eadweard ke nan, mai tsaron arziki. Wannan "ead" ɗin ne a farkon Edmund da Edgar da Edwin, har da Edith na mata.

A 1066 William na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa, ya kashe Sarki Harold a yaƙin Hastings, ya raba gonaki da gidajen sarauta ga mutanensa. Sunayen 'yan ƙasa suka fara dusashewa ba tare da an kafa wata dokar hana su ba. Talaka dai yana kallon wanda ke riƙe da ƙasa da kotu da coci, sai ya sa wa ɗansa irin sunansa ko Allah ya sa ya samu shiga. Cikin ƙarni biyu sunaye irin su Wulfstan da Ælfric da Æthelred, waɗanda sarakuna da manyan malaman coci suka amsa, sun zama sai a tsofaffin takardu.

Abin da ya ceci Edward kabari ne. Sarki Edward, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Shaida Imani, ya mulki Ingila daga 1042 zuwa farkon Janairun 1066. Shi ya gina cocin Westminster, aka keɓe cocin kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, aka binne shi a ciki. Bai bar ɗa ba, kuma rigimar gadonsa ce ta jawo William. Shi kansa William yana iƙirarin Edward ne ya yi masa alkawarin sarauta, saboda haka Nomawa, wato mutanen Nomandi, ba su da dalilin ɓata sunan mamacin. Ɗaukaka shi ma ƙarfafa hujjarsu ne. A 1161 Fafaroma Alexander na Uku ya ayyana shi waliyyi. Henry na Uku ya ƙaunace shi ƙauna ta gaske: daga 1245 ya rushe tsohon cocin ya sake gina shi da dukiya mai ɗimbin yawa, a 1269 ya mayar da gawar waliyyin sabon hubbare, ɗansa na fari kuma ya yi masa takwara. Ɗa na biyu ya sa masa Edmund, sunan wani waliyyin Ingila. Ƙaunar mutum ɗaya ga wani da ya daɗe a ƙasa ita ta mayar da sunan cikin fada, bai kuma sake fita ba.

Akwai wani abin lura a lissafin sarakunan. Wannan jaririn na 1239 shi ake kira Edward na Ɗaya, alhali sarakuna uku sun rigaye shi amsa sunan: Edward ɗan Alfred da ya hau a 899, da matashin da aka kashe a 978, da waliyyin kansa. An fara ƙirga ne daga bayan zuwan Nomawa, sai ka ce kafin su ba a yi sarauta ba. Idan aka haɗa duka, sarakuna goma sha ɗaya ne, ba takwas ba.

Ba zan ce dukkansu sun cika ma'anar sunan ba. Edward na Ɗaya ya murƙushe yankin Wales, ya kori Yahudawa kaf daga Ingila a 1290, ya kwaso dutsen naɗin sarakunan Sukotilan ya sa aka sassaƙa kujera aka ajiye shi a ƙarƙashinta. A kan wannan kujera ake naɗa sarakunan Ingila har yau, da kambin da ake kira na Waliyyi Edward, wanda aka ƙera a 1661 aka kuma ɗora wa Charles na Uku a 2023. Edward na Uku ya buɗe yaƙin shekara ɗari da Faransa a 1337. Na Biyar yaro ne, ya ɓace a Hasumiyar Landan a 1483. Idan za a tambaye ni wanda ya tsare arzikin mutane da gaske, likitan ƙauye zan nuna, Edward Jenner, wanda a 1796 ya gwada rigakafin agana. Cutar da ta makantar da mutane ta huda fuskokinsu a kowace nahiya, a 1980 aka shelanta an kawar da ita daga duniya.

Aure ya fitar da sunan waje. Jikar Edward na Uku, Philippa, ta auri Sarkin Fotugal, ɗanta ya hau mulki a 1433 da sunan Duarte. Faransawa suka ce Édouard, Sifaniyawa Eduardo. A gida kuwa aka yi ta gutsure shi, Ed da Eddie da Ned da Ted, kamar yadda Abubakar ke zama Habu ko Buba ko Garba har ka rasa inda suka haɗu. Masaƙan da suka riƙa farfasa injuna daga 1811 don an raba su da sana'arsu sun ce shugabansu Ned Ludd ne. Samarin Landan na shekarun 1950 masu dogayen kwat irin na zamanin Edward na Bakwai an kira su yaran Teddy. Akwai tsibirin Yarima Edward a Kanada, mai sunan mahaifin Sarauniya Biktoriya, akwai kuma dankalin Turawa mai suna Sarki Edward da aka fitar a 1902.

Afirka ta san sunan ta wata ƙofa daban. Tafkin da ke kan iyakar Yuganda da Kwango, wanda mazauna wurin ke da nasu sunayen da suke kiransa, Henry Morton Stanley ya laƙaba masa sunan ɗan Biktoriya a ƙarshen shekarun 1880. Idi Amin ya sauya shi zuwa nasa sunan a shekarun 1970, da ya faɗi a 1979 aka koma wa Edward. Wannan ɗan na Biktoriya shi ne ya zama Edward na Bakwai a 1901, kuma da sunansa sojojin Lugga suka shiga Kano a Fabrairun 1903, suka shiga Sakkwato a Maris. Sunan da ya sha da ƙyar daga hannun Nomawa, shi ne yanzu a bakin masu cin ƙasar wasu. Daga 1907 aka fara buga kwabo da anini masu huda a tsakiya, ɗauke da sunansa, suna ture wuri daga kasuwanni.

Jikan Edward na Bakwai ya zo Kano a 1925 yana Yarima mai jiran gado, aka yi masa hawan daba. Ya hau sarauta a Janairun 1936 a matsayin Edward na Takwas, ya yi murabus a Disamban wannan shekara don ya auri bazawara Ba'amurkiya, Wallis Simpson. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba. Amma kwabban Afirka ta Yamma ba su da hoto, suna kawai ake bugawa, don haka an sake su sun shiga hannun jama'a. Ɗan kasuwar Kurmi ya riƙe kuɗin wannan sarki, ɗan kasuwar Landan bai riƙe ba.

Waɗanda aka mulka ma sun ɗauki sunan, wasunsu kuma suka juya shi a kan masu shi. Edward Wilmot Blyden, wanda ya rasu a Saliyo a 1912, ya shafe rayuwarsa yana kare mutuncin baƙar fata. Eduardo Mondlane ya jagoranci ƙungiyar FRELIMO wajen yaƙar mulkin Fotugal a Mozambik har aka kashe shi a 1969. A Kudus kuwa, a 1935, wani gidan Falasɗinawa Kirista ya sa wa ɗansa sunan wancan Yarima da ya kalli dawakin Kano. Yaron, Edward Said, ya bayyana daga baya cewa ya daɗe bai saba da wannan sunan Turanci da aka liƙa wa sunan gidansu na Larabci ba. A 1978 ya wallafa Orientalism, littafin da ya tona yadda malaman Turai suka zana Gabas da Musulmi a surar da ta sauƙaƙa mulkarsu.