Kuɗin ajiye mota a asibiti: Harajin da ma'aikatan jinya ke biya kafin su kama aiki

A asibitocin gwamnati da dama na ƙasar Ingila, sai ma'aikaciyar jinya ta biya kuɗi kafin ta ajiye motarta a harabar asibitin da take aiki. Wasu ana zaftare musu kuɗin daga albashi duk wata, wasu kuma suna biya a kullum. Alƙaluman hukumar lafiyar ƙasar, NHS, sun nuna cewa a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 an karɓi sama da fam miliyan 70 daga hannun ma'aikata kaɗai.

Batun ya shafe mu ta fuska biyu. Birtaniya na sahun gaba a ƙasashen da ma'aikatan jinyarmu ke ƙaura zuwa cikinsu. A watan Fabrairun 2024, magatakardan Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce kimanin ma'aikatan jinya 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Ta ɗaya fuskar kuma, tambayar da ake jayayya a kanta a can ita ce ke damun ma'aikaciyar jinyar da ke zaune a Unguwar Romi: wa ya kamata ya ɗauki nauyin kai ma'aikacin lafiya bakin aikinsa?

Me ya sa asibitoci ke karɓar kuɗin?

Hukumomin asibitoci na kafa hujja da cewa fili ma cin kuɗi yake yi. Sai an shimfiɗa kwalta, an sa fitilu da kyamarori, an biya masu gadi. A ganinsu, idan masu motoci ba su biya ba, daga kason magani da kula da majinyata za a ɗebo kuɗin.

Hujja ta biyu ƙarancin wuri ce. Tsofaffin asibitoci a tsakiyar gari suke, ba su da sararin faɗaɗawa. Idan aka bar ƙofa a buɗe, masu zuwa kasuwa da ofisoshin makwabta ne za su cika wurin tun da sassafe, majinyaci ya rasa inda zai tsaya.

Ta uku ita ce kwangila. Akwai asibitocin da aka gina da jarin 'yan kasuwa, ko aka danƙa wa kamfanoni kula da filayensu na tsawon shekaru. Ko gwamnati ta so sokewa, sai ta jira wa'adin ya cika ko ta biya diyya.

Ƙorafin ma'aikata

Ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya na kallon kuɗin a matsayin haraji kan zuwa aiki. Aikin jinya na karɓa-karɓa ne. Mai tashi da tsakar dare ko mai kamawa kafin ketowar alfijir ba ta cika samun motar haya ba, don haka tata motar dole ce a gare ta. Sannan idan kuɗin bai-ɗaya ne, ya fi yi wa mai ƙaramin albashi nauyi: abin da babban likita ba zai ji a jikinsa ba, mai shara da mai tura gadon majinyata za su ji shi a tukunya.

Akwai kuma tara. Ma'aikaciyar jinya ba ta barin majinyaci a halin rai kwakwai mutu kwakwai don ta je ta sabunta tikiti. A watan Yulin 2017, wata kotu a Kadif, babban birnin yankin Wels, ta yanke hukunci kan ma'aikata 75 na asibitin koyarwa na birnin cewa su biya kamfanin Indigo fam 128 kan kowace takardar tara da ke kansu. Ma'aikatan sun yi kukan cewa wuraren da aka ware musu ba su kai yawansu ba, amma kotu ta bi abin da ke rubuce a ƙa'ida.

Ƙasa ɗaya, tsari daban-daban

Yankin Sikotlan ya soke kuɗin a ƙarshen 2008, ban da asibitoci uku da kwangila ta ɗaure. Wels ma ta fara sokewa a 2008, amma sai a 2018 aka kammala, bayan ƙarewar kwangilolin ƙarshe. A Ingila, an ɗage wa ma'aikata biyan a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, aka kuma janye sassaucin a ƙarshen Maris na 2022. Waɗanda aka bar wa rangwamen sun haɗa da masu aikin dare, masu buƙata ta musamman, masu yawan zuwa ganin likita, da iyayen da ke kwana da yaransu a asibiti.

Sokewar ma ba ta kashe wutar gaba ɗaya ba. Inda wuri ya zama kyauta, cunkoso kan ƙaru, sai ma'aikaci ya yi sammako don neman gurbi.

Yadda abin yake daga Romi

A nan gida, ma'aikatan asibiti da yawa ba su mallaki motar da za a ce su biya kuɗin ajiye ta ba. Nasu harajin a kan hanya ake karɓarsa. Wadda ke zaune a Romi, idan a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri take aiki, tafiyarta da sauƙi. Idan kuwa a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ne, ko na Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando, sai ta tsallake Kogin Kaduna, sau da yawa ta haɗa Keke Napep da bas kafin ta isa.

Kafin cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama, kuɗin mota ya bi sahu. A shekarar ce aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, Jihar Kaduna ta amince da 72,000. Mai mota kuma, abin da takwararta ta Ingila ke biya a bakin ƙofa, ita a gidan mai take biyansa.

Dare ya fi tsanani. Romi na cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, wadda ta sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma da zarar dare ya raba ababen hawa kan yi ƙaranci, farashi ya tashi. Ba mamaki da sake duba alawus ɗin aikin karɓa-karɓa ya kasance cikin buƙatun ƙungiyar ma'aikatan jinya ta NANNM a yajin aikin gargaɗin da ta fara ranar 30 ga Yulin 2025.

Abin lura ga masu tsara manufofi

A 2025 gwamnatin Kaduna ta ƙaddamar da bas-bas 100 masu amfani da iskar gas ta CNG, waɗanda suka fara ɗaukar ma'aikata da ɗalibai kyauta. Amfanin irin wannan shiri ga ma'aikacin asibiti ya dogara ne da ko lokacin zirga-zirgar ya dace da lokacin canjin aiki, domin asibiti ba ya bin agogon sakatariya.

Yayin da filaye ke ƙara tsada a Kaduna, hukumomi kuma ke neman hanyoyin kuɗin shiga, batun sanya kuɗi kan ajiye mota na iya tasowa a kowane babban asibiti. Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna abubuwan da ya kamata a daddale tun farko: a ware wa ma'aikata gurbinsu, a keɓe masu aikin dare da masu ƙaramin albashi, a bayyana inda kuɗin ke zuwa, kuma kada a sa hannu kan doguwar kwangilar da ba ta da ƙofar fita. Wels ta yi shekara goma tana jiran nata kwangilolin su ƙare.